BAYANI: Yadda ake reno da askin tsirran ruwa masu kara a akwatin kifi, da haɗarin barin guntunsu ya isa Kogin Kaduna

Akwatin gilashi mai ɗauke da kifayen ado sanannen abu ne a otal-otal, ofisoshi da falon wasu gidaje a Kaduna, kuma galibi furannin roba ake jerawa a cikinsa. Akwai kuma wani salon da ya fi wannan wahala da ƙayatarwa, inda ake shuka tsirrai masu rai a ƙarƙashin ruwan, a rene su kamar lambu. Yawancin abin da ke cika irin wannan lambu tsirrai ne masu kara, waɗanda ke miƙewa sama gaɓa bayan gaɓa har su taɓo saman ruwa.

Siffa guda ce ta sa masu sha'awa suka fi karkata gare su: duk guntun da aka yanke, muddin yana da gaɓa, zai iya zama sabon tsiro. Wannan siffar ce kuma ta sa wasunsu suka zama annoba a koguna da tafkunan ƙasashe da dama. Wannan bayani ya duba yadda ake shuka su da yi musu aski a yanayin Kaduna, da kuma abin da ya wajaba a yi da abin da aka aske.

Mene ne tsiro mai kara?

Tsiro ne mai doguwar sanda, wadda ganyaye ke fitowa daga gaɓoɓinta, bibbiyu ko a zagaye. A kowace gaɓa akwai ido da ke kwance, wanda zai iya fitar da reshe ko saiwa idan hali ya yi. Manomi ya san wannan a jikin rake, rogo da dankalin Hausa, waɗanda ba a jiran irinsu, sai dai a yanki jikinsu a binne.

Abin da ke hana idanun nan tohowa shi ne kan tsiron. Ƙwayoyin da ke can ƙololuwa suna samar da wani sinadari mai suna oksin, wanda ke gangarowa ƙasa yana danne idanun da ke gefe. Da zarar an datse kan, dannewar ta kau, sai ido ɗaya ko biyu da ke ƙasa da wurin yankan su farka. Dalilin ke nan da ya sa zogalen da aka sare wa kai ke yin rassa, wanda aka bari kuwa ya zame zangarniya. Duk ilimin askin tsirran ruwa a kan wannan ya ginu.

Su kansu waɗannan tsirrai, da yawansu 'yan fadama ne. A daji suna rayuwa rabi a ruwa rabi a waje, suna nutsewa da damina, su fito da rani. Saboda haka suna da ganye iri biyu: mai kauri na sarari, da mai laushi na ƙarƙashin ruwa.

Daga ina wannan sana'a ta samo asali?

A 1850 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Robert Warington, ya bayyana cewa tsirrai a cikin tulun gilashi suna samar da iskar da kifi ke buƙata, kifin kuma yana ba su abin da suke ci. A 1853 aka buɗe gidan kifi na farko domin jama'a a gidan namun dajin Landan. Daga shekarun 1930 mutanen Holan suka fito da salonsu na jera tsirrai masu kara rukuni-rukuni, kowanne da launinsa da tsayinsa, kamar kunyoyin lambu. Daga baya ɗan Japan Takashi Amano, wanda ya rayu daga 1954 zuwa 2015, ya yaɗa salon kwaikwayon daji da duwatsu da itace.

Yammacin Afirka na da nata kason a wannan kasuwa. Ammannia gracilis, mai jan ganye da ake ji da ita a Turai da Asiya, 'yar wannan yanki ce. Ita da Rotala dangi ɗaya suke da lalle da rumman. Anubias barteri, wadda ke tsirowa a kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru, ta samu sunanta ne daga Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo tawagar Baikie zuwa Kogin Neja, ya kuma rasu a 1859. Badon da aka sani a tafkunan ƙasar Hausa, wato Nymphaea lotus, shi ma ana sayar da shi a shagunan kifin ado na duniya.

Waɗanne iri ne suka dace da Kaduna?

Zafi shi ne ma'auni na farko. Yawancin tsirran nan sun fi walwala tsakanin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Kaduna kan kai digiri 35 ko fiye, kuma ruwan ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska kan haura 30. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, sanyin dare kan sauke shi ƙasa sosai.

Bacopa monnieri, mai ƙananan ganyaye masu kauri, tana jure zafi, kuma ba ta saurin girma. Ludwigia repens, 'yar nahiyar Amurka, tana yin ja idan ta samu haske. Rotala rotundifolia da Hygrophila difformis, 'yan kudancin Asiya, suna cika akwati cikin makonni. Ceratophyllum demersum ba ta da saiwa ko kaɗan, shawagi take yi, kuma ana samunta a ruwayen Nijeriya. Ita kuwa Ammannia gracilis, duk da kasancewarta 'yar gida, tana neman haske mai ƙarfi da taki isasshe, don haka ba ta dace da ɗan koyo ba. Egeria densa, wadda ake yawan ba sababbin shiga a ƙasashen sanyi, ta fi son ruwa mai sanyi, kuma takan ruɓe a zafin bazara.

Haske, iska da taki

Tsiro na buƙatar abubuwa uku a tare: haske, iskar kabon dayoksaid da taki. Wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke ƙayyade girman tsiron, ko da sauran sun yi yawa. Abin da ya yi rara kuma gansakuka ce ke cinyewa. Wannan ne ya sa ƙara haske ba tare da ƙara sauran biyun ba ke mayar da gilashi kore.

Awa 6 zuwa 8 na hasken ƙwan LED a kullum sun isa, kuma a lokaci guda kowace rana. Ba a ajiye akwatin inda rana ke dukansa ta taga, domin tana dafa ruwan, tana kuma kiran gansakuka.

Iskar kabon ita ce ta fi wuyar samu, domin tafiyarta a cikin ruwa ta fi ta cikin iska jinkiri da kusan ninki 10,000. Masu hali na sa tukunyar gas, suna neman miligiram 20 zuwa 30 a kowace lita. Masu ƙaramin ƙarfi na haɗa sukari da yis a gora, su jawo iskar ta siririn tiyo. Wanda bai da ko ɗaya sai ya rage haske, ya zaɓi iri mai haƙuri, ya yarda da girma a hankali.

Ganye kan faɗi abin da ke damun tsiro. Idan tsofaffin ganyayen ƙasa suka yi rawaya, yawanci naitirojin ne ya yi kaɗan. Idan sababbin na sama ne suka fito fari-fari, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Ƙananan huji a tsofaffin ganye na nuna ƙarancin fotashiyam. Idan tazarar da ke tsakanin gaɓoɓi ta yi tsawo, tsiron na neman haske ne. Ba a zuba takin gona irin yuriya a akwatin da ke da kifi, domin yana rikiɗewa ya zama amoniya, wadda ke kashe kifi ko da kaɗan ce.

Wuta da ruwa a Kaduna

Lissafin wutar ba shi da yawa. Ƙwai mai wat 20 da ke ci awa 8 a rana na shan yunit 4.8 a kwana 30. Injin tace ruwa mai wat 5 da ba ya tsayawa na shan yunit 3.6. Jimilla yunit 8.4 ke nan a wata. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta amince wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, wannan bai kai naira 2,000 ba.

Matsalar tana wajen tsayuwar wutar. Tsirrai na iya jure kwana biyu ko uku ba haske. Kifi kuwa ba ya jure rashin iskar oksijin, kuma da dare tsirran ma shaƙarta suke yi maimakon fitar da ita. Ruwa mai zafi kuma bai riƙe ta da yawa: kimanin miligiram 9 a lita a digiri 20, amma ƙasa da 8 a digiri 30. Daren bazara da aka ɗauke wuta, a akwatin da ya cika da tsirrai da kifi, shi ne lokaci mafi haɗari. Ƙaramin famfon iska mai batir, ko haɗa injin tacewa da sola, ya fi duk wani kayan ado muhimmanci. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa na rage zafinsa da digiri biyu ko uku.

Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, don haka ana barinsa a buɗaɗɗen bokiti na kwana guda, ko a sa masa maganin da ke kashe kulorin. Ruwan burtsatse da na rijiya sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa, kuma gwaji ne kaɗai ke nuna abin da ke cikinsu. A kowane mako ana sauya kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan akwatin.

Yadda ake dasawa

Tsirran kan zo a ɗaure da dunƙule. Ana kwance su, a raba ɗaya-ɗaya, a yanke gindin da ya ruɓe, a tsige ganyayen gaɓoɓi biyu na ƙasa. Sai a cusa kowane kara da hantsaki santimita 2 zuwa 3 cikin yashi, a bar tazarar kusan santimita 2 tsakaninsu domin haske ya kai ƙasa. Dogaye na komawa baya, gajeru gaba. Ganyen da aka binne ruɓewa yake yi, ya kuma ja karan ya ruɓe tare da shi.

Gonakin da ke noman tsirran nan galibi a sarari suke renonsu, domin sun fi saurin girma a can. Idan aka nutsar da su, tsofaffin ganyayen kan narke a makonni biyu ko uku na farko. Muddin karan na da ƙarfi kuma kansa na fitar da sabon toho, tsiron na nan da ransa.

Yadda ake aski

Ana jira sai tsiron ya kafa saiwa ya kusa saman ruwa kafin askin farko. Hanyoyi biyu ne.

Ta farko ita ce a datse sama a bar gindi. Ana yanka da almakashi mai kaifi dab da saman gaɓa, sai gindin ya fitar da rassa biyu. Askin farko ƙasa-ƙasa ake yin sa, wajen rabin tsayin tsiron ko ƙasa da haka, domin daga nan ne kumburin zai fara. Kowane aski na gaba ana ɗaga shi santimita 2 ko 3 sama da na baya. Da haka kara ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wanda ya yi askin farko a can sama zai samu kai mai yawan ganye a kan dogayen ƙafafu tsirara. Wannan hanya ta fi dacewa da masu siririn kara irin Rotala.

Ta biyu ita ce a cire tsiron gaba ɗaya, a yar da gindin, a sake dasa kan mai tsawon santimita 8 zuwa 10. Ita ta fi dacewa da masu kaurin kara irin Ammannia, waɗanda gindinsu ba ya son sake toho. Ko masu siririn karan ma, bayan aski uku zuwa biyar gindinsu kan gaji, ganyayen ƙasa su zube saboda inuwa, sai a sabunta su ta wannan hanyar. Ana tumɓukewa a hankali, sashe-sashe, domin kada dattin ƙasa ya tashi gaba ɗaya.

Bayan babban aski, masu cin takin sun ragu, don haka ana rage takin na 'yan kwanaki, a sauya ruwa, a kwashe duk guntun da ke shawagi da raga.

Ina guntun ke zuwa?

Akwatin da ke lafiya na fitar da tafin hannu guda ko fiye na yankakkun tsirrai duk mako biyu ko uku. Inda wannan ke ƙarewa ne ya mayar da sha'awar mutum ɗaya lamarin jama'a.

A farkon shekarun 1950 aka shigar da Hydrilla jihar Filorida ta Amurka daga Siri Lanka domin akwatunan kifi, aka zubar da wani kaso a magudanar ruwa. A yau jihar na kashe miliyoyin daloli kowace shekara wajen yaƙar ta. Hygrophila polysperma da Limnophila sessiliflora, waɗanda ake yaba wa da sauƙin reno, suna cikin jerin miyagun ciyayin da gwamnatin tarayyar Amurka ta haramta shigo da su. A 2005 aka gano Lagarosiphon major, 'yar kudancin Afirka, a tafkin Korib na ƙasar Ayalan, inda ta shaƙe wuraren kamun kifi. A 2016 Tarayyar Turai ta hana sayar da ita, tare da Cabomba caroliniana da Myriophyllum aquaticum.

Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan. A 1984 wata ciyawa mai shawagi da shuɗin fure, Eichhornia crassipes, 'yar yankin Amazon da aka yaɗa a duniya domin ado, ta shigo ta mashigin Badagiri, daga baya ta isa tafkin Kainji. Bahaushe na yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, amma wannan baƙuwar mutane ne suka yi dashenta. A dausayin Haɗeja zuwa Nguru kuwa, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, bayan madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ruwa ke gudana. Kacalla ba daga akwatin kifi ta fito ba, amma ta nuna irin asarar da manomi da masunci ke yi idan ciyawar ruwa ta fi ƙarfin hukuma.

Lambatun Kawo, Malali, Unguwar Rimi da Kabala, da damina, a Kogin Kaduna da rafukansa suke juyewa. Daga kogin matatar ruwa ta Malali ke ɗiban abin da birnin ke sha. A can ƙasa kuma akwai madatsar Shiroro mai megawat 600 da aka ƙaddamar a 1990, sai ta Zungeru mai megawat 700, kafin kogin ya haɗu da Neja. Ruwan ɗumi ne duk shekara, ba ƙanƙarar da za ta kashe baƙon tsiro kamar a Turai. Rahoton kwamitin masana na IPBES na 2023 ya ƙiyasta cewa baƙin halittu masu mamaya sun jawo wa duniya asarar sama da dala biliyan 423 a shekarar 2019 kaɗai.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Ana shanya yankakkun tsirrai a rana har su bushe ƙurmus, sannan a ƙona su ko a binne a takin lambu nesa da magudana. Tsohon ruwan akwati a zuba wa shukokin gida, domin taki ne, kada ya bi lambatu. Wanda ya gaji da akwatinsa ya ba wani, kada ya juye shi a rafi da sunan tausayin kifi.

Haɗarin ɗebo tsiro daga kogi

Hanyar na iya juyawa. Tsiron da aka ɗebo daga rafi ko kududdufi kan zo da dodon koɗi da ƙwansa. Wasu nau'o'insa, irin Bulinus, su ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ke shiga jiki ta fata. Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi addaba a duniya. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2023 ya nuna cewa cire Ceratophyllum daga mashayun ƙauyuka a arewacin Sanagal ya rage kamuwar 'yan makaranta da wani nau'in cutar, domin a cikin ciyawar dodon koɗin ke fakewa. Saboda haka tsiron da aka reno a wani akwatin ya fi aminci. Wanda aka ɗebo daga waje kuwa sai an taɓa shi da safar hannu, an wanke, an keɓe shi makonni a wani mazubi mai murfi. Mazubin ruwa marar kifi da aka bari a buɗe gidan sauro ne.

Me doka ta ce?

Shigo da tsiro mai rai daga ƙasar waje na buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito, ko da ta intanet aka saye shi a ƙaramin ƙunshi. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, na da ƙa'idojin 2013 kan baƙin halittu masu mamaya. Nijeriya na cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu, wadda a taron Montiriyal na 2022 ta sa burin rage shigar irin waɗannan halittu da aƙalla rabi nan da 2030. A Kaduna akwai hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando.

Tambayoyin da ɗan ƙasa ke da haƙƙin yi wa waɗannan hukumomi a bayyane suke: waɗanne tsirran ruwa ne aka hana shigo da su, ina jerin sunayensu yake domin mai saye da mai sayarwa su gani, kuma wa ke duba kogin kafin wata baƙuwar ciyawa ta kafu? Tarihin Filorida da na Badagiri sun nuna cewa da zarar ta kafu, kawar da ita gaba ɗaya kan gagara, sai dai a riƙa ware mata kuɗi a kasafin kowace shekara. Kafin hukuma ta amsa, abin da ke hannun mai akwati shi ne ya tabbatar duk abin da almakashinsa ya yanke ya bushe a rana kafin ya bar gidansa.